Inna Ta Wanke Kowa

Ranar da suka shigo, da faɗan albasa muka tashi. Usmanu, mijina, yana tsugune a tsakar gida yana yanka naman agashen da zai kai kasuwa, ya ce na kwashe masa albasa na zuba a miya. Na ce to, miyar bakin wa take shiga? Ya yi dariya, ya ce ni dai ba a kayar da ni a magana. Safiya, 'yarmu, tana gaban murhu tana yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, hayaƙi na shiga idonta tana mita. Inna, mahaifiyata, ta shanya fararen ƙyallayenta a igiya tana korar akuya da sanda. Rediyo na ta surutu ba mai saurare. An yi watanni ana cewa mayaƙan suna tafe, har mun gaji da jin tsoro.

Sunana Batula. A Jazira aka haife ni, cikin Sudan, a wani kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gona, a bakin babbar tur'a mai kai ruwa gonakin auduga. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya cirar auduga. Tsayuwar da ba a tashi ba ke nan. Yanzu ina Alƙahira, a Ardul Liwa, hawa na biyar, ɗakin da rana ba ta leƙowa.

Inna ce mai wankan gawar mata a kambonmu. Aikin mutum uku ne. Ita ke wankewa, ni ke zuba ruwa da buta, Safiya kuma tun da ta zama budurwa ta fara riƙe zanen da ake karewa. Ko goro Inna ba ta karɓa. Mata kan tare ta a hanya, lafiyarsu ƙalau, su ce Inna Kaltume, ke fa za ki wanke ni. Ta ce in ban riga ki ba. Dokarta guda ce: muddin tana numfashi, ba macen da za ta shiga ƙasa a bushe. Nata shirin ma ta gama shi tuni. A ƙarƙashin gadonta akwai likkafaninta, da jarkar ruwa mai tsabta da take sabuntawa duk Juma'a. Wai kada mutuwarta ta zo ranar da famfo ya ƙafe mu sami abin fakewa. Mukan yi mata tsiya a kan jarkar nan, ta ce mu ci gaba, ranar tana zuwa.

Hantsi ya ɗan ɗaga muka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙarar ta taso daga wajen gada, kaji suka watse. Sai babbar bindigar nan da ake ɗorawa a bayan mota ta amsa, dum, dum, dum, ƙasar rufin ɗaki na zubowa. Safiya ta bar kisra a wuta ta ruga bayan kakarta.

"Ku fito! Yalla, kowa waje!"

Suka bankaɗe ƙofar da ƙafa. Su uku ne. Biyu sun naɗe fuska da rawani, na ukun fuskarsa a buɗe, yana taunar cingam. Usmanu ya miƙe tsaye. Wuƙar naman na hannunsa, wallahi ko tunawa da ita bai yi ba.

"Yar da ita!"

Bai gama buɗe yatsunsa ba. Harbi biyu. Ya zauna a kan tabarma kamar wanda ya gaji, sannan ya kwanta ta gefe. Ban yi ihu ba. Na tsaya ina kallon naman da ke cikin tire, ƙuda sun fara sauka a kai.

Da la'asar suka bari a binne waɗanda aka harbe. Akwai mata biyu a ciki. Liman ya ce a sa kowa da jininsa da tufafinsa, kuma a yi sauri. Na kalli Inna, na zaci za ta yi magana. Ta ce wanda harsashi ya ɗauka, jininsa ne wankansa. Amma wadda ta mutu a kan tabarma, wannan tata ce.

Kafin magariba sun kora mu duka cikin makarantar firamare, maza a gefe, mata a gefe. Suka karɓe wayoyi. Suka hau suka kwance farantan solar da ke tayar da injin ruwa. Sannan suka buɗe wa babban tankin kambo wuta. Ruwa ya riƙa tsiyaya ta hudoji, muna jin zubarsa daga cikin aji. Wata mata ta fita da kwano, suka harbi ƙasa a gabanta ta dawo. Washegari tankin ba ko ɗigo. Sai tur'a.

Abin da zan faɗa yanzu, ba labari aka ba ni ba. Da idona na gani. Sun bar mu mu fita ɗebo ruwa da safe, mata a jere, mai bindiga gaba, mai bindiga baya. Muna kusa da gada sai ga motar kwasar masai, irin mai tanki da mesa. Daga garin da ke sama da mu ta fito, garin da muka ji kwalara ta riga ta ɓulla. Direban ya juya bayanta zuwa ruwa. Suka saki mesa. Warin ya riga ƙarar isowa gare mu. Ɗaya ya hau kan gada yana ɗauka a waya, yana dariya har da riƙe ciki.

"Ku ɗiba! Me kuke kallo? Ku ɗiba!"

Muka ɗiba. Masu cewa wai ba da gangan ba ne, wai yaƙi ne ya gaji haka, su zo su faɗa a gabana. Allah ya isa.

Mun yi ƙoƙarin tafasawa. Muka ƙone bencinan makaranta, muka ƙone allo, muka ƙone ƙofofin ajujuwa. Amma mutum ɗari nawa, tukunya nawa? Kuma yaro mai ƙishi ba ya jiran tukunya ta huce. Ba a daɗe ba aka fara. Amai da gudawa, gudawar fara sol kamar ruwan wankin shinkafa. Mutum ya yi sallar asuba a tsaye, kafin azahar idonsa ya faɗa ciki, fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa.

Goggo Maryamu ce ta fara tafiya cikin manya. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Inna ta naɗe hannun riga ta ce in kawo buta. Sista Amna, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, ta tare ƙofar aji da jikinta. Ta ce Inna don Allah kada ki wanke, cutar tana jikin gawa, a naɗe ta kawai a kai. In ya zama dole, ki sa leda a hannu. Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni zan sa leda in taɓa Maryamu? Matsa min."

Na goyi bayan Sista. Na ɗaga murya, na ce Inna kashe mu za ki yi, wa ya ce miki addini bai san lalura ba? Ta ce in ba zan zuba ba in ba ta butar. Na zuba. Da wane ruwa muka wanke Goggo Maryamu? Da ruwan da ya kashe ta. Ba mu da wani.

Daga nan aiki bai tsaya ba. Aji guda aka ware mana, can ƙarshe. Da gawa ta yi yawa sai muka rabu, ni ina wanke ta nan, Inna na wanke ta can, Safiya ta ajiye zane ta ɗauki buta tana zuba wa kakarta. Harsashi mutum ɗaya yake ɗauka ya tsaya. Wannan kuwa sai ta ɗauki mara lafiya, ta dawo ta ɗauki mai jinya, ta sake dawowa neman mai wanka. Sista Amna da kanta ta kwanta. Inna ce ta wanke ta, ba leda.

Ranar wata Alhamis Inna ta tashi daga kan gawa, ta dafa bango, ta zame ƙasa. Na san abin da na gani. Ita ma ta sani. Ta kama zanena ta ce, "Jarkata da likkafanina. Ki san yadda za ki yi."

Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, muka ga yawancinsu sun hau motoci sun nufi wani ƙauye. 'Yan kaɗan suka rage a bakin ƙofa, sun kewaye butar shayi. Maza suka ɓalle ƙarfen tagar baya. Aka fara zurarewa ɗaya bayan ɗaya. Dawa ta yi tsayi a lokacin, ta fi mutum. Na ce wa Safiya ta jira ni a bakin gona, na ruga gida. Sun kwashe komai, har tabarmar da Usmanu ya faɗi a kai. Gadon Inna sun kife shi. Likkafani na ƙasa an tattaka, jarkar kuwa tana lungu, murfinta a ɗaure. Na rungume ta kamar jaririya na fito.

Akwai amalanke a bayan makaranta, jakin an sace. Muka zaro Inna ta taga muka ɗora ta, muka sa jarkar a gefenta, ta ɗora hannu a kai. Malam Haruna, mijin Goggo Maryamu, tsoho ne tukuf, shi ya kama sanda ɗaya na kama ɗaya. Safiya na turawa ta baya. Ba mu yi nisa ba muka ji ihu.

"Ku tsaya! Ku tsaya, 'yan iska!"

Sai harbi. Ba ka ganin mai harbin, ba ya ganinka. Karan dawa kawai ke karyewa a gefenka, fat, fat. Wata mata da ke gabanmu ta faɗi da goyonta. Muka kewaye ta. Wani ya sunkuya ya zare jaririn bai tsaya ba. Ƙafar amalanke na kuka, na ce wannan kukan ne zai tona mu. Muka yi ta ja har ƙarar bindiga ta koma kamar ana sussuka a nesa.

Hanya ɗaya ce, bakin tur'a. Muna tafe ruwa na tafe a gefenmu, yana ƙyalli, ba mai iya sha. Wasu suka kasa haƙuri suka durƙusa suka kafa baki. Ban hana kowa ba, ban kuma kalle su ba. Harshena ya manne. Na dubi jarkar Inna sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Ban taɓa ta ba. Ruwan da za a wanke ta da shi ne, shekara da shekaru tana tanadinsa.

Wajen azahar Safiya ta saki amalanke ta shiga cikin dawa. Ta fito. Ba mu yi taku kaɗan ba ta sake shiga. Da ta fito na biyu ba ta kalle ni ba. Na gane cutar ta kama ta. Na ce wa Malam Haruna mu tsaya a inuwar wata bagaruwa.

Na zaci Inna ba ta cikin hayyacinta. Ashe tana gani. Muryarta ta shaƙe, sai da na kai kunne.

"Batula. Buɗe jarkar nan. Ba wa yarinya."

Na ce, "Inna, naki ne."

"Na san nawa ne. Shi ya sa na bayar."

Na ce to a raba, rabi nata rabi naki, ko ɗan abin da zan shafa miki. Ta girgiza kai. Ta ce, "Yau ɗaya kada ki yi min gardama. Kuma kada ki taɓa ni da hannu. Sista ta yi gaskiya." Na cika murfin jarka na kai bakinta, ta datse leɓe ta juyar da fuska. Wayyo Inna. Ko a nan sai da ta fi ni taurin kai.

Ba ta kai la'asar ba. Malam Haruna ya ce in yi mata taimama. Wata mata ta ba ni leda biyu daga ƙullin kayanta. Na zura hannuwana a ciki. Na bugi ƙasa, na shafi fuskar uwata, na sake bugawa, na shafi hannayenta. Ledar na ƙara a kan fatarta. Matar da ta wanke kambo guda. Na naɗe ta a likkafaninta, da sawun takalmi a jikinsa. Wasu maza da ban sani ba suka tona rami da fartanya ɗaya da katakon amalanke. Aka yi salla a tsaitsaye, kowa na waiwaye. Muka rufe. Muka ɗora Safiya a inda kakarta ta tashi.

Matar da ta ba ni leda tana da ɗan sukari a bakin mayafi, wani yana da gishiri. Na kaɗa a kwano. Murfi ɗaya, in jira, murfi ɗaya. Ta amayar, in sake. Mutane na kallon jarkar, na zauna a kanta. Wani ya matso, na ce masa wallahi sai dai ya kashe ni. Malam Haruna bai roƙa ba ko sau ɗaya, kuma na san yana so. Na ba shi ya jiƙa baki, ya ce ya isa.

Washegari da rana muka fito kwalta. Wata babbar mota ta kwashe mu zuwa Gadarif, har tantin da ake kwantar da masu kwalara. Lokacin da aka sauke Safiya, abin da ya rage a jarkar bai cika kofi ba. Aka rataya mata ruwa a hannu. Ta tashi. Malam Haruna ya shiga tantin maza, bai fito ba.

Sauran tafiyar ba ta da labari. Arewa, Halfa, Aswan, jirgin ƙasa, sai ga mu a garin da ko'ina ka juya famfo ne.

Na sami aiki a gidan wasu 'yan Najeriya a Madinat Nasr, wanki da guga. Hajiyar gidan mutuniyar kirki ce, tana son jin Hausata, wai irin ta kakarta ce. Ban taɓa gaya mata komai ba. Wata rana ina guga a falo, talabijin na kunne a wata tashar Larabci, sai aka sa wani shiri na tarihi, hoto fari da baƙi. Kotu ce. Wasu mutanen Japan, sojoji da likitoci, an zaunar da su a jere. Ban damu ba sai da na ji mai bayani ya ce rijiya.

Na ɗaga kai. Ya ce a lokacin babban yaƙin duniya mutanen nan sun riƙa kiwon cuta kamar yadda ake kiwon kaji. Kwalara, taifod, da annobar da ɓera ke ɗaukowa. Sun gwada a jikin fursunoni. Sun watsa ƙuma daga jirgin sama a kan garuruwan Sin. Sun zuba cuta a rijiyoyi da koguna, suka koma gefe suna jiran su ga yadda za ta ci. Bayan yaƙi aka kama wasu aka gurfanar da su a wani gari a Rasha. Ga su nan, kowa ya ɓalla maɓallin rigarsa har wuya. Ana kiran mutum ya miƙe, ya faɗi abin da ya zuba da bakinsa.

Ban san yadda mutanen Sin ke shirya gawarsu ba. Amma na san akwai mai shiryawa. Kowane ƙauye yana da tasa Innar. Na tsaya ina jiran a nuno ko ɗaya daga cikin matan rijiyoyin nan. Ba a nuna ba. Mai bayani ya ce an yanke musu shekaru a kurkuku, amma ba a jima sosai ba aka mayar da su gida. Manyansu kuwa ko ƙofar kotu ba su taka ba, sun miƙa wa Amurkawa abin da suka gano, aka ƙyale su. Wasu har asibiti suka buɗe.

Warin ƙuna ne ya fito da Hajiya daga ɗaki. Rigar Alhaji ta huje a kafaɗa. Ta ce, "Maman Safiya, lafiya?" Na zauna a ƙasa. Ranar na fara ba da labarin nan, tun daga albasa. Ta yi kuka, ta ce ma'alish, ki yi haƙuri, Allah zai saka muku. Na ce na sani, Hajiya. Amma ni a nan duniya nake so. Namu na kan gada fuskarsa a buɗe take, hoton na cikin wayarsa. Ko da za a sake shi washegari, ina so a kira shi ya miƙe tsaye, ina zaune, ya faɗi abin da ya zuba. Waɗancan sun sami ko wannan. Mu har yau ba wanda ya tambaye mu sunan kambon.

Bayan 'yan makonni wasu mata 'yan ƙasarmu suka hawo har ɗakinmu. Wata tsohuwa ta rasu a unguwar Faisal, ba su da mai wanka, an ce musu ni 'yar Inna Kaltume ce. Na ce na bar wannan aikin, su nemi wata. Safiya na zaune a bakin katifa. Tun da muka zo ba ta taɓa ambaton kakarta ba, kuma ba ta shan ruwa sai ta tafasa shi da hannunta. Ta miƙe ta ɗauki mayafi, ta kira ni yadda ake kiran uwa a Sudan.

"Yumma, tashi."

Muka hau ƙaramar bas muka je. Ɗan ƙaramin banɗaki ne, da famfo a bango. Tsohuwar sa'ar Inna ce, siririya, da sauran lalle a ƙafarta. 'Yarta ta riƙe zane. Na yi bisimilla na fara, Safiya na zubawa. Dama, hagu. Muka yi uku, yadda aka saba. Safiya ta sake tara buta. Muka yi biyar. Ta sake tarawa. Ban ce ta tsaya ba. Ruwa na bin gashin tsohuwar, yana bin ƙafafunmu, yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Sai da 'yar matar ta leƙo ta saman zane, a hankali ta ce, "Halas, ya isa haka, ya Hajja. Masu salla na jira."

Tun daga ranar mu ake kira, daga nan har Faisal. Na wanke tsofaffi da yawa. Na wanke wata amarya, da jarirai biyu. Usmanu yana da jininsa. Inna kuwa tana gefen gonar wani, ƙarƙashin bagaruwa, ban ma san sunan garin ba. Ita ban wanke ta ba.